Gwauro a Wuri Huɗu

Abu biyu ne yayata ba ta yarda a taɓa mata: dam ɗin da take gadi, da Kawu da ya rene mu. Shekara da shekaru su biyun ba su taɓa karo ba, kowa na harkarsa. Da suka tashi yin karon kuwa, sai ga ni a tsakiya, ni da ban san komai ba sai keken ɗinki.

Kada ku ji na ce gadi ku zaci sanda take riƙewa. Injiniya ce. Dam ɗin na ƙasa ne, tsohon gini, yana tsaye a saman unguwarmu da ruwan tafki guda a bayansa. Daga ƙofar shagona in na ɗaga kai, shi nake fara gani kafin sama. An binne wasu 'yan na'urori a jikinsa, sun fi ɗari, kowace ba ta wuce gwangwanin madara ba, da batir a ciki da ɗan tsinken eriya a waje. Aikinsu su ji laimar ƙasa da motsinta, su aika labari ofis ta iska. Mutanen unguwa kunnuwa suke ce musu, ita kuma Yaya Mai Kunnuwa. Sunan ya bi ta har asibiti, don ranar da ta haihu da shi nas ta kira mijinta ya zo ya ga jaririn.

Mahaifinmu ya rasu ina goye, mahaifiyarmu ta bi shi ban isa shiga makaranta ba. Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya kwashe mu zuwa gidansa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Direban tifa ne a lokacin, ɗaki biyu gare shi da 'ya'yansa uku. Yaya sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ni kuwa Sarkin Tsiwa, kuma ban ce ya yi mini ƙarya ba. In ba makaranta, gaban tifa yake sa ta su tafi ɗibar yashi, ni a bar ni ina yawon neman faɗa a unguwa. Ranar da za ta tafi jami'a a tifar ya kai ta, akwatinta a baya inda ake loda yashi, ya tsaya a bakin ƙofa yana danna ham don kowa ya san 'yar wa ta iso. Ta ce ranar ta so ƙasa ta tsage ta shige. Amma har yau in tana ba da labarin sai idonta ya kawo ruwa.

Ba mai yawan magana ba ce, sai dai in an taɓo kunnuwanta. Nan kam sai ka nemi kujera. Ni ta sha yi mini bayani har na haddace ba don ina so ba. Kunnuwan ba su da ƙarfin da kowanne zai yi magana da ofis kai tsaye, don haka rukuni-rukuni suke, kowane rukuni ya zaɓi wanda batirinsa ya fi ƙarfi ya zama ɗan aike. Sauran su faɗa masa abin da suka ji, shi ya haɗa ya miƙa gaba. Kowane kunne yana da lambarsa da makullinsa na sirri a ciki, da shi 'yan'uwansa ke gane cewa na gida ne. Lamba dai ta takarda ce, Yaya suna ta raɗa musu. Akwai Sarkin Barci, akwai Mai Tari, akwai Tsohuwa da aka binne tun kafin ta kama aiki. Akwai kuma Gwauro, da ke zaune shi kaɗai can ƙasa a gindin dam, a ɗan ware daga 'yan rukuninsa.

Gwauro shi ne maƙwabcin Kawu. Lokacin Kawu ya daina tuƙi, ya mallaki tifofinsa da katafila, yana haƙar yashi a tsohuwar hanyar ruwa da ke ƙasan dam. Yashin da ke nesa ya ƙare, ramin ya riƙa matsowa. Duk sanda katafila ta matsa da yawa, sai Gwauro da na kusa da shi su kai ƙara, ofis ya turo mutane a tsayar da aiki. In muka je gaishe da Kawu sai ya ce, "Uwata, 'yan gulmarki sun sake kai ni gaba." Ta yi dariya, ya yi dariya, matarsa ta kawo abinci. Ni dai na lura dariyar tasa tana raguwa.

Da rani Gwauro ya yi shiru. Yaya ta sauka ta tarar da ramin da yake ciki wayam. Ta nema, ta tambaya, babu. Bayan 'yan kwanaki sai ga Kawu da kansa ya hau har ofishinta a saman dam, da wannan gwiwar tasa da ba ta barinsa ya hau matakala, yana haki, abin a naɗe cikin hankicinsa. Ya ce tayar tifa ce ta tono shi, direba ya tsince shi cikin yashi.

Akwai doka a aikinsu, kuma Yaya ce ke koya wa sababbin ma'aikata ita: kunnen da ya kwana a hannun wani ba ya komawa. A soke lambarsa, a kashe makullinsa, a binne sabo. Ta san wannan kamar yadda na san zare da allura. Amma Kawu na tsaye yana share gumi, yana cewa, "Mu je ki mayar da shi ina gani, hankalina ya kwanta." Ta jujjuya abin, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ta kunna, ya amsa sunansa. Ta riƙe wa Kawu hannu suka sauka tare, ta mayar da Gwauro raminsa, ta yi masa godiya. A rahotonta ta ce ya ɗan yi shiru ne ya dawo.

Daga nan gindin dam ya daina kai ƙara. Aikin Kawu ya tafi ba tsayawa, dariyarsa ta dawo. Damina ta shigo da ƙarfi, irin wadda ake kwana ana wuni ana ruwa, har kayan da na shanya suka fara wari. Yaya kuwa sai rama take yi. Siket ɗin da na ɗinka mata da rani sai da na rage masa ƙugu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ta shigo shagona da jakar kwamfutarta. Ba ta saba zuwa lokacin aiki ba. Ta ture ƙyallaye daga kan benci ta zauna, ta ɗora kwamfutar a cinya, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Lafiya, Yaya?"

"Ruwa ya kusa bakin dam," ta ce. "Amma gindinsa na ce mini a bushe yake kamar tsakiyar rani."

"To ai abin farin ciki ne."

"Ke in yaranki suka yi tsit a ɗaki, murna kike yi ko tashi kike ki leƙa?"

Na ɗauke ƙafa daga kan keke.

Ta ce akwai wani bincike da kunnuwan ke iya yi wa junansu. Kowanne ya faɗa wa maƙwabtansa sunansa da inda yake zaune, maƙwabtan su aika wannan magana ga wasu kunnuwa da aka zaɓa da ka, su zama shaidu. In shaida ɗaya ya ji suna guda daga wuri biyu, sai ya sanar. Binciken na cin batir, shi ya sa ba a cika yin sa ba. Da safen nan ta roƙi manaja ya bar ta ta yi, ta tayar da shi, sannan ta ɗauko kwamfutar ta gudo wurina.

"Me ya hana ki jira amsar a ofis?"

Ta kafa wa allon ido. A nan na gane ta riga ta san abin da za ta gani, ba ta dai son ta gan shi a gaban mutane. Muka zauna. Wata mata ta leƙo karɓar ɗinkinta, na ce ta dawo gobe, ta tafi tana mita. Sama ta fara haɗa hadari ta bayan dam.

Da amsar ta zo, Yaya ta juyo mini da allon. Zanen dam ne da ɗigo-ɗigo kore, sai huɗu ja a jere a gindinsa.

"Waɗannan fa?"

"Gwauro ne."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Na ce, "Gwauron da ko mata ba shi da ita, yaushe ya haihu?" Wallahi don ta yi dariya na faɗa, amma ko gezau.

Ta yi mini bayani a hankali. Kwanakin da Gwauro ya ɓata, wani ya buɗe shi ya kwafe lambarsa da makullinsa, ya zuba a wasu na'urori uku masu manyan batira, aka binne su cikin rukunonin gindin dam. 'Yan'uwa suka ji makullin gida, suka karɓe su. Da aka zo zaɓen ɗan aike, wa ya kai su ƙarfin batir? Kullum su ake zaɓa. Saboda haka duk abin da kunnuwan gindin dam suka ji, ta bakin baƙin nan yake bi, su kuma abu ɗaya suka iya faɗa: ƙasa a bushe, komai lafiya. Wata da watanni kunnuwanta na iya yin ihu, ba ta ji ba.

"To ki kashe na ƙaryan mana."

"Ba a iya bambance su daga nan. Sunansu ɗaya, makullinsu ɗaya. In na soke sunan, duka huɗun za su mutu, har da nawa. Sai na je na binne sabo da hannuna."

"Sai ki soke."

"In na soke, ofis zai gani nan take. Za a tambaye ni yadda aka yi makullin ya fita. Wa ya ɗauka, wa ya dawo da shi."

Sai a lokacin hankicin Kawu ya faɗo mini a rai. Ni da ake ce wa Sarkin Tsiwa, ni na fara neman hanyar rufa asiri. Na ce ta bari, mu je a ɓoye mu tono su mu jefa a tafki, kowa ya huta. Ta ce allon yanki kawai yake nunawa, ba rami ba, sai a yi kwanaki ana tono. Na ce wataƙila bai sani ba, wataƙila direbansa ne. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce mutumin nan ya hana 'ya'yansa ya ba mu. Ta bar ni na gama zuba.

"Ina yaranki yanzu?" ta ce.

Suna makaranta. Makarantar da katangarta ta baya ke kallon gindin dam. Na tashi na rufe shago.

Na zaci a nan za ta danna abin ta huta, amma ta ce a'a. Sai ta fara ganin Kawu, ya ji daga bakinta. Na ce wannan ɓata lokaci ne, ta ce ai ko ba don shi ba, hanyar ramin Gwauro ta cikin filinsa ta bi. Muka shiga motar ofis, sabon kunne na cikin jakarta. Iska ta taso tana kwasar ledoji, mutane na ta kwashe kaya daga bakin titi.

Na daɗe ban je ramin yashin Kawu ba. Ya ci ƙasa har kusan inda ciyawar dam ta fara. Tifofi na jere suna jiran lodi, katafila na ta aiki. A ƙasan ramin ruwa ya kwanta, kuma ba daga sama ya zo ba, daga bangon da ke ɓangaren dam yake tsattsafowa, ja-ja da shi. Yaya ta tsaya ta dube shi.

Kawu na zaune a rumfar kwano, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan wani tsohon galan. Da ya hango mu fuskarsa ta washe.

"A'a, Uwata da Sarkin Tsiwa a rana ɗaya? Yau wa ya yi laifi?"

Muka durƙusa muka gaishe shi. Yaya ba ta tashi ba, a durƙushen ta yi magana.

"Kawu, na'urar nan da ka dawo mini da ita. Hannun wa ta kwana?"

"Na faɗa miki, direba ya tsinta."

"An buɗe ta, Kawu. An yi mata 'yan'uwa uku an binne a nan."

Ya dube ta, ya dube ni, ya kori mai rubuta lodi da ke gefensa da hannu. Na yi ta addu'a a raina ya ce bai sani ba, ko da ƙarya ne. Bai ce ba.

"Wani mutum ne ya zo ya ce ya san maganinsu," ya ce. "Ni ban taɓa dam ba. Bakin 'yan gulma kawai na rufe. Kin san gida nawa ke ci daga ramin nan? Duk sanda ƙarfenki ya yi atishawa sai a rufe ni, mutane su koma gida hannu rabbana. Dam ɗin nan ya girme ki, Uwata. Ina ganinsa tun kafin a haife ku ku biyu, bai taɓa motsi ba."

"A da ba a haƙa gindinsa ba, Kawu. Ina aka binne su?"

"Shi ya binne, ban tsaya a kansa ba."

"To dole in soke su. Yanzu."

"Ki bari damina ta wuce. Ni da kaina zan sa a tone."

"Ba zan iya ba."

Ban taɓa jin ta faɗa masa wannan kalmar ba, shi ma bai taɓa ji ba. Ya sauke ƙafarsa daga kan galan a hankali. Ruwa ya fara buga kwanon rumfar ɗai-ɗai.

"In kin soke, sunana zai fito?"

"Za a tambaye ni wa ya dawo da ita."

"Ki ce ke kika tsinta."

Yaya ta sunkuyar da kai. Na ga hawaye na ɗiga a kan jakarta. Ni kuwa haushin su biyun nake ji: shi da ya sa ta a wannan hali, ita da ta ƙi yin ƙarya guda ɗaya tak, ƙaryar da ni da na yi ta tun kafin a tambaye ni.

"Na riga na rufe sau ɗaya, Kawu," ta ce. "Abin da ya kawo mu nan ke nan. In ban faɗa ba, mutumin nan zai je wani dam ɗin ya yi musu."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar da ƙafarsa kan galan, ya juya fuska wajen tifofi.

"To, Injiniya. Yi aikinki."

Gara ya mare ta. Ta miƙe kamar wadda ta yi jinya, ta je ta ɗora kwamfutar a kujerar mota, ta danna abin da za ta danna. Jajayen ɗigon huɗu suka ɓace. Gindin dam gaba ɗaya ya zama toka-toka a allon, ba kore ba ja. Ta ce sai rukunonin sun zaɓi sababbin 'yan aike kafin mu ji komai, kuma ba za ta tsaya jira ba. Ta ɗauki sabon kunnen da 'yar shebur, na ɗauki laima na bi ta.

Ruwa ya sauko sosai. Ƙasar da muke takawa tana da ciyawa a sama, amma tana lotsawa kamar katifa, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki na bar shi. Ta tono tsohon Gwauro, ko kallonsa ba ta yi ba ta jefa a jaka. Ramin ya cika da ruwa kafin ta sa sabon. Ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta bari ya tsiyaye, sai ga jar ƙasa mai laushi ta kwanta a hannunta. Ta ɗaga kai ta dubi jikin dam, launinsu ɗaya.

"Yaya, mene ne?"

"Ruwan na fitowa da dam ɗin a cikinsa," ta ce. "Mu koma."

Kafin mu isa mota allon ya riga ya cika. Duk gindin dam ja, daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da kunnuwan suka yi wata da watanni suna faɗa ke nan. Ta kira manaja, na ji tana magana tsaf-tsaf, ba sauri ba in'ina: a buɗe ƙofofin ruwa, a kunna jiniya, a kwashe unguwa. Da jiniyar ta tashi na manta da Yaya, na manta da Kawu, na kwasa da gudu da takalmi ɗaya zuwa makaranta.

Ban kai rabin hanya ba tifa ta wuce ni, wata na bin ta, wata na bin wannan. Kawu ne ya sa aka zubar da lodin yashi a ƙasa, ya tura su unguwa. A bayan tifarsa aka kwashe 'yan makaranta, har da nawa biyu, suna ta murna an ɗora su a babbar mota. Daga baya tifofin suka koma jigilar duwatsu ana zubawa a gindin dam, shi yana tsaye cikin ruwa da sandarsa yana nuna inda za a juye. Yaya na can gefe tana nuna wa injiniyoyi inda ya fi laushi. Wuni guda suna aiki ɗaya, bai dubi inda take ba.

Dam bai fashe ba. An rage ruwan, an toshe inda yake yoyo, muka yi 'yan kwanaki a tudu muka dawo muka tarar da gidajenmu yadda muka bar su. Kuma wannan ne ya zame wa Yaya laifi. Da ya fashe, da an ce ta yi gaskiya. Da yake bai fashe ba, sai ga masu cewa ta ta da hankalin jama'a a banza, ta tona wa wanda ya rene ta asiri don a ce ta iya aiki. Wata ta faɗa a shagona ina cikin auna ta. Na miƙa mata yadinta na ce ta nemi telan da bai da yara a makarantar.

A wajen bincike Yaya ta faɗi komai, ta fara da nata. Aka dakatar da ita na wani lokaci, aka hana ta ƙarin girman da take jira, sannan aka mayar da ita. An kama mutumin da ya yi aikin, ashe ba nan ya fara ba. Kawu kuwa an rufe raminsa, an karɓe katafila, shari'a ta cinye tifofin ɗaya bayan ɗaya. Girman shekarunsa da kwashe mutanen da ya yi su suka hana a ɗaure shi. Yanzu yana gida, a ɗakin da ke kusa da ƙofa, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa.

A saman dam abubuwa sun canza. Binciken shaidu yanzu kullum ake yin sa in damina ta shigo, ko batir nawa zai ci. Ɗan aike ba ya zarcewa, ana karɓa-karɓa ko da batirinsa ya fi na kowa. Kunnen da ya bar raminsa kuwa, ko iska ce ta ture shi, Yaya da kanta take sa masa guduma. Sababbin da aka binne ba ta raɗa musu suna ba.

Ta je gidan Kawu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum matarsa ta fito tana murza hannu ta ce barci yake. Yaya ta ajiye maganin gwiwar da ta kawo a bakin ƙofa, ta yi sallama da labule, ta juya. Ni kuwa yana karɓata. Ina zuwa duk ƙarshen mako in gyara masa ɗaki, ya tsokane ni, in rama. In na ambaci Yaya sai ya tambaye ni ko an kawo wuta.

Daga gidansa nake wucewa wurinta, don na san tana jira. Ran nan na same ta a saman dam da yamma, tana tsugune tana canza wa wani kunne batir. Ta tambayi ƙafarsa, na ce da sauƙi. Ta tambaya ko yana cin abinci, na ce yana ci. Ta ci gaba da ɗaure murfin, na san tambayar da ta rage. Na ga furfurar da ta fito mata a gefen kunne, tausayinta ya kama ni.

"Ya ce a gaishe ki," na ce.

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana kallona.

"Kada ki yi mini haka," ta ce. "Abin da ya faɗa nake so, ba abin da kike so in ji ba."

"Bai ce komai ba, Yaya."

"To."

Ta ƙarasa ɗaure murfin, ta mayar da ƙasa, ta danne da tafin hannu. Sannan ta ce in na koma mako mai zuwa in duba ko maganin ya ƙare.